Wanda Ya Rage Shi Ke Riƙe da Labari: Nazari a Kan Fim ɗin Tarihin Bee Gees

A ƙarshen daminar bara na ɗora wa kaina wani aiki da har yanzu ban sauke ba, wato haɗa gajeren fim ɗin tarihi a kan wasu makaɗa uku, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka yi tashe a bukukuwan cikin garin Bauchi da ƙauyukan kewaye fiye da shekara arba'in da suka wuce. Biyu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Babban wansu kaɗai ya rage, dattijo mai yawan shiru, wanda ya rataye kalangu tuntuni ya koma sayar da hatsi a rumfar ƙofar gidansa. Sau huɗu na zauna da shi ina naɗar hira, kuma bai ƙi amsa mini ko tambaya ɗaya ba, amma duk lokacin da na dawo gida na saurari abin da na naɗa sai in ji hankalina bai kwanta ba. Labarin na mutum uku ne, baki ɗaya ke ba da shi. In ya ce ƙanensa ne ya fara janye jiki, babu mai cewa ba haka aka yi ba. In ya ce shi ya ƙago waƙa kaza, waɗanda za su iya musa masa suna kwance a maƙabarta.

Da na kai kukana wurin wani abokina mai aikin haɗa sauti a wani ƙaramin situdiyo da ke Yelwa, sai ya ce ai wasu sun riga ni shiga wannan tsaka mai wuya. Ya ba ni fim ɗin The Bee Gees: How Can You Mend a Broken Heart, wanda Frank Marshall ya ba da umarni, tashar HBO ta Amurka kuma ta fara nuna shi a watan Disamba na 2020. Tsawonsa bai cika awa biyu ba. Na kalle shi sau uku, na biyu da na uku da biro da takarda a hannu, domin halin da masu fim ɗin suka samu kansu shi ne nawa sak: ƙungiyar mawaƙa ce ta 'yan uwa uku, biyu sun mutu, ɗaya ya rage yana ba da labari.

Gidan Gibb

An haifi Barry Gibb a 1946 a tsibirin Man da ke tsakanin Ingila da Ayaland, aka haifi tagwaye Robin da Maurice a can a watan Disamba na 1949. Da a gidan Bahaushe ne, Robin ne Hassan, Maurice Hussaini, ƙanensu Andy kuma da ya biyo bayan tagwaye a 1958 shi ne Gambo, shi ne kuma auta. Mahaifinsu Hugh makaɗin ganga ne mai jagorantar 'yar ƙungiyarsa, saboda haka kiɗan gado ne, barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Sun yi ƙuruciya a Mancesta cikin ƙunci, a 1958 iyalin suka yi ƙaura zuwa Ostireliya suka sauka a yankin Birisben. A can yaran suka fara waƙa a filin tseren motoci na Redcliffe, mutane na jefa musu kwabbai suna tsinta. Da na ga wannan sai na tuna abin da dattijon nan namu ya gaya mini, cewa kuɗin farko da suka samu da kalangu a bakin mahauta suka same shi ranar kasuwa, suna yara, wani sarkin fawa ya miƙa musu sule biyu.

A farkon 1967 suka koma Ingila ta jirgin ruwa, suna kan teku waƙarsu "Spicks and Specks" ta kama kasuwa a ƙasar da suka baro. A Landan suka faɗa hannun Robert Stigwood, manaja ɗan asalin Ostireliya, wanda a lokacin yake aiki tare da Brian Epstein, manajan shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, Beatles. Kafin shekarar ta fita sun fitar da "New York Mining Disaster 1941" da "To Love Somebody", sannan "Massachusetts" ta hau saman jadawalin waƙoƙin da suka fi ciniki a Ingila. Barry na da shekara 21, tagwayen ba su cika 18 ba.

Yadda aka bai wa matattu baki

Abu na farko da ya kamata mai irin aikina ya lura da shi yana cikin mintunan farko na fim ɗin. An nuna Barry, tsoho mai furfura a Mayami, yana faɗa da bakinsa cewa abin da zai bayar tunaninsa ne shi kaɗai, kuma da Robin da Maurice suna nan da wataƙila sun tuna abubuwan ta wata fuskar daban. Mai ba da umarni bai ɓoye wannan magana a tsakiya ko a ƙarshe ba, ya aza ta a ƙofar shiga, yadda mai kallo zai riƙe ta a ransa har fim ya ƙare. A ganina wannan ne matakin gaskiya mafi girma a duk aikin, domin shaida ne da kansa yake sanar da alƙali iyakar shaidarsa tun kafin a fara sauraronsa.

Amma faɗin haka kaɗai ba zai wadatar ba da babu abin da za a gwada maganarsa da shi. Sa'ar da masu fim suka taka ita ce an yi doguwar hira da Robin da Maurice a gaban kyamara tun suna raye, an kuma adana ta. Saboda haka idan Barry ya kawo wani zance, sai a yanko Robin yana ba da nasa ɓangaren, a yanko Maurice yana dariya yana gyara musu duka biyun. An jera maganganun yadda mai kallo zai ji kamar su ukun suna zaune a zaure ɗaya suna karɓar zance daga bakin juna, alhali tsakanin hirar wannan da ta wancan akwai shekaru kusan ashirin da kabari biyu. Ga kuma hotunan bidiyo na gida tun suna yara, ga zaren naɗin situdiyo inda ake jin su suna laluben waƙa tun ba ta da baiti, ɗaya ya ɗauko karin, ɗaya ya ɗora kalma, na ukun ya nemo mata gurbi a kan fiyano. Wannan naɗin ya fi kowace hira amfani a wurina, domin shi ne ya amsa tambayar da 'yan uwa mawaƙa suka fi yin rigima a kanta, wato wa ya yi waƙar. Wanda ya saurara zai ji cewa ba a iya tsaga ta uku a ba kowa rabonsa.

Wajen zaɓen masu sharhi ma an yi tunani. An kawo Noel Gallagher, wanda ƙungiyarsu ta Oasis ta watse a 2009 saboda rikicinsa da ƙanensa Liam, an kuma kawo Nick Jonas, wanda shi da 'yan uwansa suka rabu a 2013 suka dawo a 2019. Mutane ne da suka san inda takalmin ke matsa, ba masu sharhin nesa ba. Gallagher ya yi wata magana da ta zauna mini, ma'anarta ita ce sajewar muryar 'yan uwa kayan kiɗa ne da ba a sayar da shi a kanti. Duk wanda ya taɓa jin 'yan amshi 'yan gida ɗaya ya san haka. Maƙogwaro iri ɗaya ne, lafazi iri ɗaya, tun suna kwana a tabarma ɗaya suke jin numfashin juna, har ya zama ba sai an yi wa wani alama ba kafin ya san inda zai shigo.

Rabuwar 1969

Nan ne zuciyar lamarin, kuma nan na fi daɗewa ina maimaita kallo. A farkon 1969 suka fitar da babban faifansu Odessa. A wancan zamani ƙaramin faifan garmaho fuska biyu gare shi: ta gaba ita gidajen rediyo ke sawa, ita ake talla, ta baya kuwa rakiya ce. Aka zo zaɓen waƙar da za ta hau fuskar gaba. Akwai "First of May" wadda Barry ya ja, akwai "Lamplight" wadda Robin ya ja. Stigwood ya zaɓi ta Barry, aka mayar da ta Robin baya. Robin, yana ɗan shekara 19, ya tattara nasa ya fice daga ƙungiyar.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce wannan ai ƙaramin abu ne, ina fuskar faifai ina raba zumunci. Amma ba faifan ne ya raba su ba. Tun suna yara Barry ne babba, shi ne dogo, shi ake fara kallo, shi ke gaba. Sai ga shi waƙar da ta fara kai su ƙololuwa a Ingila da muryar Robin aka ja ta, murya mai rawa mai ban tausayi wadda ba ta da kama. Daga ranar gidan ya zama yana da jagora biyu, kuma babu wanda ya zaunar da su ya tsara musu yadda za a yi. Suka koma aika wa juna magana ta shafukan jaridu. Robin ya yi waƙarsa shi kaɗai, "Saved by the Bell", ta kai matsayi na 2 a Ingila, Barry da Maurice suka ci gaba su biyu, har akwai wasan da yayarsu Lesley ta tsaya a gurbin Robin. Daga baya su biyun ma suka watse.

A nan na tsaya na kwatanta da tsarinmu. Ƙungiyar kiɗan gargajiya ta Hausa ta daɗe da sanin wannan cuta, ta kuma yi mata rigakafi da muƙami. Akwai jagora, akwai mai bi masa, akwai sauran 'yan amshi, akwai sanƙira, kowa ya san wurin tsayuwarsa da rabonsa idan an yi kyauta. Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, da duk ƙasar Hausa ta san muryarsa, ya daɗe yana bayan wansa Kurna a matsayin Daudun kiɗi kafin ya ja tasa ƙungiyar. Tsarin yana da nasa zalunci, domin ƙane mai baiwa yana iya tsufa yana amshi, amma yana ba da hanyar fita da ba ta zubar da mutuncin kowa: in ka isa, a sallame ka da albarka. Kiɗan zamani ba shi da wannan shinge. A Jos, nan maƙwabtanmu, tagwayen P-Square suka taso, Peter da Paul Okoye, wansu Jude na riƙe da harkar kasuwancinsu. Sun rabu a 2017, sun shirya a 2021, sun sake rabuwa a 2024, duk a bainar jama'a. Hausawa suka ce naka sai naka, daɗin zama sai bare, kuma ban san sana'ar da ta fi waƙa fito da ɓangarori biyu na wannan karin magana ba.

Abin da fim ɗin ya fito da shi fili, wanda ni da kaina ban zata ba, shi ne matsayin Maurice. Ba shi ke jan yawancin waƙoƙin ba, sunansa ba ya gaba, amma shi ke kaɗa jita mai kauri da fiyano, shi ke ɗinke muryoyin biyu da tasa a tsakiya, shi ne kuma ɗan aike idan Barry da Robin sun daina magana. Tagwai ne ga ɗaya, abokin raha ne ga ɗayan, kowa na ganin nasa ne. Da bakinsa ya ce aikinsa ke nan, sulhu. A 1970 suka dawo tare bayan kusan shekara ɗaya da rabi, kuma cikin waƙoƙin farko da suka rubuta akwai wadda aka ara sunanta aka sa wa fim ɗin, wadda a 1971 ta zama ta farko da ta kai su matsayi na 1 a Amurka. Tambaya ce a kan yadda ake gyara karyayyar zuciya. Masu saye sun ɗauke ta waƙar soyayya, alhali wa da ƙane ne suka rubuta ta bayan sun gama ɓata wa juna rai.

Mayami, da abin da ya biyo baya

Tashen bai ɗore ba. Zuwa 1974 kasuwarsu ta faɗi har suna wasa a kulob-kulob na arewacin Ingila. Eric Clapton, shahararren makaɗin jita ɗan Ingila, ya ba su shawarar su koma Mayami su gwada situdiyon Criteria, suka yi aiki da Arif Mardin, furodusa haifaffen Turkiyya wanda ya goge a kiɗan baƙaƙen fatar Amurka a kamfanin Atlantic. A nan fim ɗin ya fi nuna gwaninta, domin ya bar surutu ya shiga cikin aikin kansa. Karin "Jive Talkin'" daga ƙarar tayoyin mota ya fito, lokacin da suke tsallaka wata gada kullum a hanyar situdiyo. A wajen naɗar "Nights on Broadway" Mardin ya nemi wani ya ƙwala murya sama a bayan amshi ba tare da ya kauce wa kari ba, Barry ya gwada maƙe murya, sai ga siririyar muryar nan da duniya ta san su da ita daga baya. Faifan Main Course na 1975 ya dawo da su. Fim ɗin bai yi rowar gaskiya a nan ba, ya nuna cewa salon maƙe murya ba su suka ƙago shi ba, ƙungiyoyin baƙaƙen fata irin su Delfonics da Stylistics sun riga su.

Sai labarin da abokina na Yelwa ya fi so. A 1977 suna wani situdiyo a wajen birnin Faris lokacin da Stigwood ya nemi waƙoƙi domin fim ɗin Saturday Night Fever. Ana tsakar aiki mai gangarsu, Dennis Bryon, ya koma gida saboda wata larura ta iyali. Maimakon a jira, masu haɗa sautinsu, Albhy Galuten da Karl Richardson, suka yanko ɗan guntun kiɗan gangarsa daga zaren "Night Fever", suka liƙe bakin zaren da ƙarshensa ya zama zobe, suka zagaya shi ta jikin sandar makirufo ya riƙa juyawa ba tsayawa. A kan wannan aka gina "Stayin' Alive". Abin da yaro ke yi yau da danna maɓalli biyu a kwamfuta a kowane situdiyo na Bauchi, da reza da salatif aka yi shi a lokacin. Bugun ya fito daidai ba ya gaba ba ya baya, ɗari da 'yan kai a minti guda, shi ya sa har yau masu koyar da taimakon gaggawa ke amfani da shi wajen nuna saurin da ake danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. Faifan fim ɗin ya yi mako 24 a saman jadawalin Amurka, ya ci kyautar Grammy ta faifan shekara, kuma daga ƙarshen 1977 zuwa 1979 waƙoƙinsu shida a jere suka kai matsayi na 1.

Faɗuwar ta zo da sauri kamar hawan. Ranar 12 ga Yuli 1979 wani mai gabatar da shiri a rediyo, Steve Dahl, ya shirya taron fasa faya-fayan disko, wato kiɗan rawar da Bee Gees ke tashe da shi a lokacin, a filin wasa na Comiskey da ke Shikago. Duk wanda ya zo da faifai ana barinsa ya shiga a kan santi 98. Aka tara faya-fayan a tsakiyar fili aka tashe su da nakiya, jama'a suka ɓarke cikin filin har na biyu cikin wasannin ƙwallo biyu da aka shirya a daren bai yiwu ba. Fim ɗin ya kawo Vince Lawrence, baƙar fata wanda yake matashi mai aikin nuna wa 'yan kallo wurin zama a daren, ya ba da shaidar cewa da yawa daga faya-fayan da aka kawo ba na disko ba ne, na mawaƙa baƙaƙe ne kawai. An sarƙa hotunan wannan dare da na wasan da 'yan uwan ke yi a wani gari a cikin rangadinsu, dubban mutane na ihu, su ba su san kasuwarsu ta ƙone ba. Gidajen rediyon Amurka suka juya musu baya. Sai suka koma bayan labule suna rubuta wa wasu mawaƙa waƙa: Barbra Streisand a 1980, Dionne Warwick a 1982, Kenny Rogers da Dolly Parton a 1983, Diana Ross a 1985. Muryar da aka ƙi ji ta ci gaba da cin kasuwa ta bakin wasu.

Inda fim ɗin ya ɗauke kai

Duk da yabon da na yi, ba zan ce aikin ya cika ba, kuma gurbin da ya bari shi ya fi koya mini darasi. Fim ɗin Sgt. Pepper na 1978, wanda suka fito a ciki aka yi musu dariya a duniya, ba a ko ambace shi ba. Shaye-shayen da ya addabi Maurice shekara da shekaru an taɓa shi ne sama-sama. Andy, wanda waƙoƙinsa uku na farko a Amurka suka kai matsayi na 1 a jere tun yana ɗan shekara 20, ƙwaya ta lalata masa rayuwa ya mutu da ciwon zuciya a watan Maris na 1988, kwana biyar bayan ya cika 30, an ba shi 'yan mintuna ne kawai. Ba a tsaya an tambayi abin da kowane babban wa zai tambayi kansa ba: shin ɗora yaro a kan wannan doki tun bai yi ƙwari ba gata ne ko ganganci?

Mafi girman gurbin shi ne shekarun ƙarshe. Maurice ya rasu a watan Janairu na 2003 yana da shekara 53, sanadiyyar murɗewar hanji. Robin ya bi shi a watan Mayu na 2012 bayan fama da ciwon daji, yana da 62. Tsakanin mutuwar biyu akwai shekara tara da Barry da Robin suka zauna babu mai shiga tsakani, kuma sanannen abu ne cewa sun yi nesa da juna a yawancin lokacin. Barry da kansa ya taɓa faɗa a wata hira ta daban, bayan rasuwar Robin, cewa babban abin da ke cin ransa shi ne kowane ɗan uwa da ya rasa ya rasa shi ne a lokacin da ba sa shiri. Fim ɗin ya tsallake waɗannan shekaru da gudu.

Na yi ta tunanin dalili. Akwai kara, domin da yardar iyali aka yi aikin, kuma mutum ba ya tona asirin mamacinsa a gaban duniya. Wannan ban ga laifinsa ba, mu ma haka tarbiyyarmu take. Amma akwai dalili na biyu da ya shafi sana'a: inda fim ɗin ya yi ƙarfi shi ne inda muryoyi uku ke nan a naɗe ana gwama su. Da aka zo shekarun da Maurice ba ya nan, ma'aunin ya karye, ya rage maganar mai rai a kan mamaci. Masu fim suka zaɓi yin shiru a kan su bar mutum ɗaya ya yanke hukunci. Na fahimci zaɓin, amma ina ganin akwai hanya ta uku da ba su bi sosai ba, wato su zurfafa da matan mamatan da 'ya'yansu a kan waɗannan shekaru, tunda su ne suka ga abin da ya faru a cikin gida.

Komawa rumfar hatsi

Ni ba ni da ko ɗaya daga cikin kayan da Frank Marshall ya samu. Wani gidan rediyo ya taɓa naɗar makaɗan nan namu uku a kan babban zare. Da na bi sawu aka gaya mini cewa a shekarun da sabon zare ya yi wuya an riƙa goge tsofaffi ana naɗar wasu shirye-shirye a kai, ragowar kuma suna wani ɗaki da rufinsa ke yoyo. Hoto ɗaya tak na samu, shi ma rabinsa ya ci ruwa. Ban da ɓacewa akwai kuma ɓoyewa, domin a wurinmu wanda ya bar kiɗa cewa ake ya tuba, 'ya'yansa kuma ba kowane ke son a tuna cewa ubansa maroƙi ne ba. Wani jikan gidan ya roƙe ni da girman Allah kada in sa sunan zuriyarsu, na kuma yi masa alkawari.

Wata ranar Laraba bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na tafi wurin dattijon. Muka shiga zaure, na aza ta a kan buhun masara, na ce, "Baba, wasu Turawa ne 'yan uwa uku masu waƙa, ina so ka gani." Ina kunna masa gutsure-gutsure ina fassarawa. Kiɗan bai dame shi ba, da aka zo wurin maƙe murya ma murmushi kawai ya yi. Fuskokinsu yake kallo. Da muka kai rabuwar 1969 sai ya ɗaga hannu na tsayar.

"Wanne ne ke raba su in sun yi faɗa?"

Na nuna masa Maurice. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin ya daɗe yana dubansa, sannan ya tambaye ni ko yana raye. Na ce a cikin su ukun shi ya fara rasuwa. Ya gyaɗa kai, ya ce su ma na tsakiyarsu ne ya fara tafiya, kuma tun daga ranar da aka yi sadakar bakwai shi da ƙaraminsu ba su ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. A zama huɗu da muka yi a baya bai taɓa faɗa mini wannan ba. Abin da ya riƙa cewa shi ne zamani ne ya canza, aka daina kiran masu kalangu biki.

Na kai shi ƙarshen fim ɗin, inda Barry ke cewa da za a ba shi zaɓi, da ya karɓi 'yan uwansa su dawo ko da ba su taɓa yin waƙa ɗaya da ta ci kasuwa ba. Na fassara masa sau biyu domin ya ce in maimaita. Ya yi shiru har wani yaro ya leƙo yana neman tiyar gero ya ce masa ya dawo an jima.

"Ɗan nan," ya ce, "akwai kaset. Wani ɗan kasuwa ya naɗe mu a wani biki, ƙanena ya saya ya ajiye. Yana hannun maiɗakinsa, tana wajen Darazo wurin ɗanta. Shekara goma sha ɗaya rabona da gidan."

Na tambaye shi ko za ta yarda ta yi magana da ni.

"Ka ce ni na aiko ka. Za ta faɗa maka abubuwa a kaina, wasu gaskiya ne. Kada ka cire ko ɗaya."

Ya tashi ya auna shinkafa tiya biyu ya ƙulle a leda, ya ɗora goro a kai, ya ce in kai mata, in kuma tambaye ta ko ƙafar tata ta yi sauƙi. Ranar Asabar mai zuwa zan shiga motar Darazo da kyamara da ledar, tare da tsohuwar rediyo mai cin kaset da abokina na Yelwa ya gyara mini.